Kuɗin ci-rani ba ya sayen kwanciyar hankali

An daɗe ana ɗauka cewa da zarar ɗan ƙauye ya samu aiki a birni, kakarsa ta yanke saƙa. Binciken da aka yi a Sin ya nuna akasin haka: 'yan ci-rani sun fi mutanen ƙauye samun kuɗi, amma sun fi su rashin jin daɗin rayuwa.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne rajistar mazauni, wato hukou, da ake aiki da ita tun 1958. Mai rajistar ƙauye yana shan wuya kafin ɗansa ya shiga makarantar gwamnati a birni, haka ma wajen asibiti, don haka da yawa kan bar yara wurin kakanni. Ga shi kuma ya daina gwada kansa da maƙwabcinsa manomi, ya koma gwadawa da ɗan birni mai gida da fansho.