Kuɗin motar asibiti a Amurka: abin da kansiloli ke yankewa da abin da ake ta yaɗawa

Tun makon jiya wani saƙon murya yake ta zagaya wayoyin mutanenmu da ke zaune a nan Amurka. Mai maganar yana gargaɗi da kakkausar murya cewa majalisar birninsu ta ƙara kuɗin motar asibiti, saboda haka duk wanda ya kira lambar gaggawa ta 911 ya shirya sayar da abin da ya mallaka. In ya kasa biya, ɗauri ne. In kuma takardunsa na zama ba su cika ba, to sai gida. Na saurare shi har sau biyu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta fi cikin cokali ba, kuma irin wannan saƙo yana iya sa a rasa rai.

Na san haka domin na gani da idona. Wani dare cikin hunturu matar maƙwabcinmu, dattijo ne da ya haura saba'in, ta buga mana ƙofa ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Na tarar da shi a kan darduma, ya dafe ƙirji, gumi yana ta keto masa duk da sanyin da ake yi. Da ya ga na ciro waya sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗana, kar ka kira su, kai ni a motarka. Kuɗinsu ba na talaka ba ne." Na ce, "Baba, ka yi mini afuwa, yau kam ba zan bi maganarka ba." Ma'aikatan da suka zo a nan tsakar falo suka manna masa wayoyi a ƙirji, suka auna bugun zuciyar, suka sanar da asibiti tun kafin a ɗaga shi. Hajiya tana tsaye da katin inshorarsa a hannu tana miƙawa, babu wanda ya waiwaye ta sai da aka sa shi a mota. Da a motata na ɗauke shi, da babu ko ɗaya daga cikin wannan.

To me kansiloli suke yankewa a zahiri? A Amurka motar asibiti ta gaggawa ba aikin gwamnatin tarayya ba ne. Aikin ƙananan hukumomi ne: birni, ko gunduma, ko wata hukumar yanki. A wani garin 'yan kwana-kwana ne ke tuƙa motocin, a wani garin birni ya ba kamfani kwangila, a ƙauyuka da dama kuma 'yan sa-kai ne. Wani nazari da KFF, cibiyar bincike kan harkar lafiya, ta fitar a 2021 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na ɗaukar gaggawa hukumomin gwamnati ne ke yin sa, 'yan kwana-kwana a kan gaba. Shi ya sa batun yakan faɗo a teburin majalisar birni, a zama ɗaya da gyaran titi, da kwangilar kwashe shara, da lasisin masu shaguna. Su ne ke amincewa da jadawalin farashi: nawa ne ɗauka ta kulawa mai sauƙi, nawa ne wadda sai an sa wa mutum ruwa ko an ba shi magani ta jijiya, nawa ne kowane mil da aka yi da mara lafiya a mota, ko za a caji wanda aka duba a gida ba a ɗauke shi ba. Su ne kuma ke zaɓar kamfanin da za a ba kwangila, da mintocin da ake so mota ta iso. Ba ko'ina ba ne kansiloli ke sa hannu kai tsaye. A birnin New York, inda jama'armu suke da yawa a Bronx, hukumar kwana-kwana ce ke fitar da farashin bayan sauraron ra'ayin jama'a, kuma a 2023 ta ɗaga kuɗin ɗauka mai sauƙi daga dala 900 zuwa dala 1,385.

Irin wannan adadi ne ke firgita mutane, kuma a nan mai saƙon muryar ya fara kuskure. Farashin da ke kan jadawali shi ne abin da ake rubuta wa mai biya, kuma mai biyan galibi inshora ce. Mai Medicare, wato inshorar gwamnati ta waɗanda suka kai shekara 65, ba ruwansa da farashin kansila: Medicare tana da nata farashin, dole mai motar ya karɓa, ita ta biya kashi 80 cikin 100 bayan an cire kason da mutum ke fara biya daga aljihunsa kowace shekara, mara lafiya ya biya kashi 20. Mai Medicaid, inshorar masu ƙaramin ƙarfi, ko dai bai biya komai ba ko ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙarin kuɗi a kan jadawali, a mafi yawan lokuta, ƙoƙarin birni ne na karɓo abin da ya fi daga kamfanonin inshora don ya biya albashi ya sayi motoci.

Akwai ma wuraren da mazauninsu ba ya ganin takardar kuɗi sam. Gundumar Montgomery da ke jihar Maryland, inda Silver Spring take, ta sha wannan rigimar. A 2010 majalisarta ta kafa kuɗin motar asibiti. Ƙungiyar 'yan kwana-kwana na sa-kai ta yi tsaye a kai, hujjarta kuwa ita ce tsoron da Baba ya nuna mini a kan darduma: mutane za su ji shakkar kiran 911. Aka kai maganar ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba na shekarar, jama'a suka soke dokar. A 2012 majalisar ta sake kafa ta, ta fara aiki a Janairun 2013, bisa sharaɗin cewa inshora kawai za a caja. Mazaunin gundumar ba ya biyan ko sisi daga aljihunsa, ko yana da inshora ko ba shi da ita, domin an ɗauki harajin da yake biya a matsayin nasa kason. Baƙon da ya zo daga wata gunduma shi ne zai iya samun takarda, shi ma yana da damar neman a yafe masa in ba shi da hali. Wanda yake zaune a irin wannan wuri ya ƙi kiran mota saboda saƙon da aka naɗa a wata jiha, ya yi asarar abin da harajinsa ya riga ya biya.

Sai dai akwai inda tsoron yake da tushe, kuma ba daga kansiloli ya fito ba. A ƙarshen Disambar 2020 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ake kira No Surprises Act, wato dokar hana takardar kuɗi ta bazata, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Abin da ta hana shi ne wannan: kana da inshora, an kai ka gaggawa, sai ya zamana likitan ko asibitin ba su da yarjejeniya da kamfanin inshorarka, kamfanin ya biya abin da ya ga dama, su kuma su aiko maka da ragowar. Dokar ta ce a daina. Ta shafi ɗakin gaggawa, ta shafi likitocin da ke aiki a asibitin da inshorarka ta amince da shi, ta shafi har jirgi mai saukar ungulu da ke ɗaukar marasa lafiya. Motar asibiti ta ƙasa kuwa, wadda kowa ya fi shiga, aka bar ta a waje.

Wannan ne ya fi rikita mutane. Mutum ya ji an ce an hana bazata, sai ga takarda ta zo daga masu motar, sai ya ɗauka ko dai damfara ce ya yar da ita, ko kuma dokar duka ƙarya ce. Duka biyun kuskure ne. Dalilin da aka bayar na cire motar shi ne dubban ƙananan hukumomi ne ke tafiyar da aikin, kowace da nata tsarin, 'yan majalisar tarayya ba su so su yi musu kuɗin goro ba. Maimakon haka suka kafa kwamitin ba da shawara. Kwamitin ya zauna, ya ba da shawarar a hana cajin ragowar, a kuma ƙayyade abin da mara lafiya zai biya kar ya wuce dala 100. Shawara ce, sai majalisa ta mayar da ita doka kafin ta ɗaure kowa. Nazarin nan na KFF ya gano kusan rabin ɗaukar gaggawa na masu inshorar kamfani ana yin sa ne a motar da ba ta da yarjejeniya da inshorarsu. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Mai zuwa asibiti da ƙafarsa yana iya tambaya kafin ya shiga. Wanda ya faɗi a ƙasa ba shi ya zaɓi motar da ta zo ba, mai amsa waya ne ya turo wadda ta fi kusa, kuma haka ya kamata. Ta yaya za a hukunta shi a kan zaɓin da bai yi ba?

Jihohi da dama sun toshe ramin da kansu, kuma a nan ne hukuncin kansila ya ƙara nauyi. Dokar Kalifoniya da ta fara aiki a Janairun 2024 ta ce inshora ta biya farashin da ƙaramar hukuma ta amince da shi, mara lafiya kuma ya biya kason da zai biya da a ce akwai yarjejeniya, shi ke nan. Wanda ba shi da inshora ba za a caje shi fiye da farashin Medicare ko na Medi-Cal, wato Medicaid ta jihar, ba, duk wanda ya fi yawa. Texas ta yi tata a lokaci guda, jihar Washington ta biyo baya a 2025, su biyun sun jingina da farashin ƙaramar hukuma, inda babu shi kuma suka sa iyaka ta kashi 325 cikin 100 na farashin Medicare. New York da Maryland da Colorado suna cikin waɗanda suka riga su yin wani nau'i na kariya.

Amma a kula da wannan gaɓar, don ita ce ke kama ma'aikatan manyan kamfanoni. Dokar jiha tana aiki ne a kan inshorar da jiha ke sa wa ido. Manyan kamfanoni da yawa ba sa sayen inshora, da kuɗinsu suke biyan jinyar ma'aikata, sai su ɗauki kamfanin inshora ya riƙa yi musu lissafi. Irin wannan tsari yana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, hannun jiha ba ya kai wa gare shi, kuma fiye da rabin ma'aikatan da ke da inshora ta wurin aiki a cikinsa suke. Katin iri ɗaya ne, tambarin iri ɗaya ne. Maƙwabta biyu suna iya shiga mota ɗaya a wata ɗaya, ɗaya doka ta kare shi, ɗaya ta bar shi. Hanyar sani ita ce mutum ya tambayi ofishin ma'aikata na wurin aikinsa: da kuɗin kamfani ake biyan jinyarmu, ko inshora aka saya?

Batun ɗauri kuwa babu shi. Kuɗin motar asibiti bashi ne, ba laifi ba ne. Abin da ke iya faruwa shi ne a miƙa bashin ga masu karɓar bashi, ko a shigar da ƙara a kotun farar hula. Tun 2023 manyan kamfanoni uku da ke ajiye tarihin bashin mutane suka daina sa bashin jinya da bai kai dala 500 ba, wanda ya haura kuma sai ya shekara kafin ya bayyana. Inda mutanenmu ke jefa kansu cikin wahala shi ne watsi da takarda. Wanda aka aiko wa sammaci ya jefa a kwandon shara, alƙali zai yanke hukunci ba ya nan, daga nan a iya taɓa albashinsa. Wanda takarda ta zo masa ya buɗe ta a ranar. Ya duba ko an tura wa inshora tukuna, domin sau da yawa ma'aikatan ba su samu lambar katin a daren ba. Ya nemi a rubuto masa abin da aka caja ɗaya bayan ɗaya. In inshora ta ƙi biya ya ɗaukaka ƙara wurinta, in ba shi da hali ya nemi takardar rangwame ko biya kaɗan-kaɗan. Laifin da ke da hukunci shi ne kiran 911 da gangan don wasa ko ƙarya. Wanda ya kira da zuciya ɗaya, daga baya aka ga ciwon bai kai yadda ya zata ba, bai karya wata doka ba.

Maganar takardun zama ina taɓa ta da hankali domin na san nauyinta a gidaje da yawa. Dokar EMTALA ta 1986 ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar Medicare ya duba wanda aka kawo gaggawa, ya kuma yi masa magani har ya fita daga haɗari, ko yana da kuɗi ko babu, ko ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba. A Florida tun 2023, da Texas tun ƙarshen 2024, ana sa asibitoci su tambayi matsayin zaman mutum, amma mara lafiya yana da ikon ƙin amsawa, kuma ƙin amsawar ba ya hana a yi masa magani. Babu kansilan da ke da ikon soke wannan wajibi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yanke waɗannan al'amura a ɗakin da kujerunsa suke wayam. Zaman majalisar birni a buɗe yake ga kowa. A Kalifoniya, dokar Brown ta 1953 ta tilasta a liƙa ajanda sa'o'i 72 kafin zama na yau da kullum, sauran jihohi ma kowace tana da dokarta ta buɗe zama. Yawancin batutuwan da ake ganin ba su da gardama akan tara su wuri ɗaya a amince da su da ƙuri'a guda, ba tare da an karanta ko ɗaya ba, kuma sabunta kwangilar motar asibiti ko ƙarin farashi yakan shige a cikinsu. Kansila ɗaya ya isa ya ciro batu daga cikin tarin ya ce a tattauna. Akwai kuma lokacin da ake ba jama'a, galibi minti biyu ko uku kowane mutum, kuma ba sai mai ƙuri'a ba.

Bayan Baba ya warware na fara leƙa zaman namu garin. Ranar da aka kawo batun farashi mu huɗu ne a kujerun jama'a. Na rubuta tambayoyina a bayan ambulan ɗin wasiƙa: shin za a bi mazaunin gari ragowar kuɗin da inshora ba ta biya ba, shin akwai yafiya ga marasa hali kuma a ina ake samun takardar, shin kwangilar ta hana kamfanin miƙa mutum ga masu karɓar bashi kafin a gama magana da inshora. Ta biyun a nan take aka amsa mini, ashe takardar tana nan tun tuni a ofishin kuɗi na birni. Washegari na karɓo kwafi goma, na kai wa Hajiya ɗaya, sauran na ajiye a kan teburin da ke bakin ƙofar masallaci.