Waiwaye: Daga hasken da aka ɗauka asara ne zuwa ƙasar Bagega

A 2010, lokacin da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, su Dareta da Abare da 'Yargalma, sai da aka ɗauki lokaci kafin a tabbatar ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, ba kuma sanƙarau ba. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara kusan 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Masu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa sun zo da wata 'yar na'ura ta hannu, a ɗora bakinta a ƙasa ta harba hasken eksire, nan take ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Ta yi amfani ƙwarai, har zuwa aikin kwashe ƙasar ƙauyen Bagega a 2013.

Amma akwai tambayar da ba ta iya amsawa: dalmar a wace siffa take? Wadda ke haɗe da farar wuta, irin dutsen da ake daka tozali da shi, ba ta saurin narkewa a cikin mutum. Wadda ruwa da iska suka daɗe suna ci har ta rikiɗe, ita kam ruwan cikin yaro na narkar da ita ta wuce jini. Masana ƙasa na Amurka da suka duba dutsen Zamfara sun tarar da wannan ta biyun da yawa a ciki. Irin wannan tambaya, ta siffar sinadari a cikin ƙwayar ƙura guda, tana cikin abin da aka fi zuwa nema a wajen na'urar da ake kira sinkurotoron.

Na'urar zobe ce, babba. Ana kora ƙwayoyin lantarki, wato ilektaron, cikin bututun da aka zuƙe wa iska, har gudunsu ya kusa na haske, sai manyan maganaɗisu su riƙa karkata su suna zagaye. Duk inda suka sha kwana sai su watso haske, kamar yadda tayar babur ke watso taɓo da damina. A cikin hasken akwai eksire siriri, wanda ƙarfinsa ya ninka na asibiti sau miliyoyi.

An fara ganinsa da ido a watan Afrilun 1947, a ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke jihar New York, saboda bututun na'urarsu na gilashi ne. Masu farfasa ƙwayar zarra ba su yi murna ba. A wajensu wannan haske ɓarna ce, ƙarfin da suka biya kuɗin wuta suka zuba ne yake zurarewa. Shekaru da dama masana sinadarai da na halittu sun zama 'yan cin arziki, su raɓa a gefen na'urar wasu suna tarar abin da ya zubo. Sai a 1968 aka fara aiki da wani ƙaramin zobe mai suna Tantalus a Wisconsin domin hasken kawai, sannan a farkon shekarun 1980 Ingila ta buɗe nata a Daresbury, na farko da aka gina musamman don eksire. Daga nan girma ya zo: na Turai a Grenoble ta Faransa a 1994, zagayensa mita 844, sai SPring-8 na Japan a 1997, wanda ya kusa kilomita ɗaya da rabi.

Abin da ya fito daga waɗannan zobba ya taɓa gidajenmu fiye da yadda muke zato, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya. A 1989 masana a Oxford suka fitar da cikakkiyar siffar ƙwayar cutar baki da kofato, wadda makiyaya ke kira boru, da hasken Daresbury. Wanda ya taɓa ganin saniya na dalalar da yawu ta kasa kiwo ya san darajar sanin fuskar abokin gaba kafin a haɗa rigakafi. Ita kuwa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, idan ta ci jinin mutum, akwai wani guba da ke saura mata, sai ta dunƙule shi ya zama ɗan baƙin dutse don kada ya kashe ta. Kulorokwin aikinsa ke nan, hana wannan dunƙulewa. A 2000 aka gano yadda ginin dutsen yake, da hasken sinkurotoron na Brookhaven a Amurka. Kyautar Nobel ta sinadarai ta 2009, kan injin da ke ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta, ita ma da wannan haske aka yi aikinta. Har ƙwayar shinkafa an haska, an ga cewa sinadarin ƙarfe ya fi taruwa a bayanta da wajen tsironta, inda injin gyara ke gogewa ya tafi da dusa. Manomin fadamar Argungu da mai injin casa a Birnin Kebbi, zancensu ake yi.

Yau akwai irin waɗannan cibiyoyi gommai a duniya. Burazil tana da Sirius. A Jodan an buɗe SESAME a 2017, kuma cikin masu ita akwai Masar da Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Pakistan, ƙasashen da ba kasafai suke zama tabarma ɗaya ba. Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da ko ɗaya. Taron farko na neman gina na Afirka a Grenoble aka yi shi, a 2015, na biyu a Accra a 2019. Afirka ta Kudu ta zaɓi biyan kuɗin shiga na Grenoble tun 2013, can ma aka kai ƙoƙon kan wani daɗaɗɗen ƙwarangwal da aka haƙo a ƙasarta aka leƙa cikinsa ba tare da an fasa ba.

Ba na jin wani zai gina zoben nan a Gusau nan kusa, na'urar da ke son wutar da ba ta ƙyaftawa dare da rana. Abin da ke ci mini rai daban ne. Yawancin cibiyoyin ba sa karɓar kuɗin hasken daga mai binciken da zai wallafa sakamakonsa. Takardar neman lokaci ake rubutawa, kwamiti ya tantance, a ba ka kwana biyu ko uku. Samfurin da ake bukata bai cika cokalin shayi ba. Muna da jami'ar tarayya a Gusau, muna da ta Birnin Kebbi da ta jiha a Aliero, kuma har gobe ana haƙar zinariya a Anka da Maru, ana niƙa dutsen, ƙurarsa na sauka a kan tabarmar da yaro ke rarrafe.