Shirin SULI na Horon Ɗalibai a Ɗakunan Binciken Gwamnatin Amurka

SULI (Science Undergraduate Laboratory Internships) shiri ne da Ofishin Kimiyya na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ke gudanarwa domin ɗaliban digiri na farko su je su yi aikin bincike na ɗan lokaci a ɗakunan binciken gwamnati. Ma'aikatar, wadda aka kafa a 1977, tana da manyan ɗakunan bincike na ƙasa guda 17, irin su Oak Ridge a jihar Tennessee, da Argonne da Fermilab a Illinois, da Brookhaven a New York, da Los Alamos a New Mexico. Ana ɗaukar ɗalibai sau uku a shekara: zangon hutun bazara na mako 10, sai zanguna biyu na mako 16 a lokacin da ake karatu.

Wanda aka ɗauka, ana haɗa shi da wani masani da zai kula da shi, ya ba shi wani ɓangare na binciken da ake kai. Ɗaliban kwamfuta sukan fi kwaɗayin waɗannan wurare, kuma da dalili. A Oak Ridge ne kwamfutar Frontier take, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar ta wuce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda. Argonne na da babbar kwamfutar Aurora, ɗakin binciken Lawrence Livermore kuwa yana da El Capitan. Ana biyan ɗalibi alawus duk mako, kuma kafin ya tafi sai ya rubuta rahoton aikinsa ya gabatar da shi a gaban jama'a.

Sharuɗɗan shiga ba su da yawa. Dole mai nema ya cika shekara 18, ya kasance ɗan ƙasar Amurka ko mai takardar zama ta dindindin, kuma matsakaicin makinsa na karatu, wato GPA, ya kai 3.0 cikin 4.0. Ke nan ɗalibin da ya je karatu Amurka daga Najeriya ko Nijar da bizar ɗalibi ba ya ciki. Irin wannan ɗalibi ya fi kyau ya duba shirin bazara na CERN, cibiyar binciken kimiyya ta ƙasashen Turai da ke kusa da Geneva, wanda ke karɓar 'yan ƙasashen da ba mambobinta ba.

Ta intanet ake cike takardar nema. Mai nema zai ɗora takardar sakamakon jarrabawarsa, ya rubuta gajerun bayanai kan ƙwarewarsa da abin da yake son bincikawa, ya zaɓi ɗakin bincike na farko da na biyu, sannan mutum biyu da suka san aikinsa su aika wasiƙar shaida. Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke yawan kayar da ɗalibai. Na ɗaya, ana buƙatar a goge ranar haihuwa da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum, daga takardar sakamako kafin a ɗora ta. Wanda ya bar su, ana iya ajiye takardarsa gefe tun ba a karanta ba. Na biyu, wasiƙun shaidar dole su iso kafin a rufe, kuma na zangon bazara yakan rufe a farkon Janairu, daidai lokacin da malamai ke hutun ƙarshen shekara. Mai hankali tun a Nuwamba yake zuwa wurin malaminsa.

Bayan an tantance takardu, masanan ɗakunan binciken ne da kansu ke duba su, kowa na neman wanda zai dace da aikin da ke hannunsa. Shi ya sa bayani na gama-gari, cewa mutum yana son kimiyya tun yana yaro, ba ya kai shi ko'ina. Wanda ya leƙa ayyukan ɗakin da ya zaɓa, ya ambaci wanda ya ja hankalinsa, ya kuma faɗi abin da ya taɓa ginawa da harsunan rubuta manhaja irin su Python ko C++ da matsalar da ya warware da shi, shi ne masani zai iya hasashen inda zai sa shi tun ranar farko.