Ma'anar "gwajin tantancewa", da yadda ake zaɓar cutar da za a nema

Da ƙanena zai yi aure a Tudun Wada, liman ya ce sai an kawo takardar gwajin jini kafin a ɗaura. Baffanmu ya fusata: "Yaron da ko ciwon kai ba ya yi, me zai kai shi asibiti?" Ashe a cikin faɗan nasa ya faɗi ma'anar kalmar. Gwajin tantancewa shi ne wanda ake yi wa mai lafiya, ko wanda yake ganin lafiyarsa ƙalau, don a gano cuta tun ba ta nuna kanta ba. Wanda zazzaɓi ya kwantar aka ɗebi jininsa, wannan neman sanadin ciwo ake yi. Tantancewa kuwa tankaɗe ne: a zuba jama'a a rariya, wanda ya tsaya a sake duba shi da kyau.

To, ba kowace cuta ce ta cancanci tankaɗe ba. Tun 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa ƙa'idojin zaɓar cutar da za a tantance, waɗanda likitoci biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta, kuma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce: in ka gano cutar, akwai abin da za ka yi wa mai ita?

Dubi sikila. A 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ƙananan yara masu sikila da ake ba penisilin kullum, kamuwarsu da wata muguwar ƙwayar cuta mai shiga jini ta ragu da kashi 84 cikin ɗari. Shekara na zagayowa masana can suka ce a riƙa gwada kowane jariri. Hujja ta riga doka.

Koriya ta Kudu kuwa garin neman gira ta rasa ido. Asibitoci suka yi ta yi wa masu lafiya sikanin wuya, ana neman sankarar halittar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Zuwa 2011 waɗanda aka ce suna da ita sun ninka na 1993 sau 15, amma yawan masu mutuwa bai motsa ba. An yanke dubbai, sun koma shan magani har ƙarshen rayuwa, kan ƙullutun da mai yiwuwa ba zai taɓa damunsu ba.

A ganina, mu nan sikila ce hujjarta ta cika. Ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya, kuma ɗigon jini daga dunduniyar jariri ya isa a gane. Amma uwa a Dukku ko Nafada, a jihar Gombe, takan sani ne bayan wata shida, ranar da hannuwan ɗanta suka kumbura yana ta tsala ihu. Kuma ko an gwada shi ranar suna, sai an tanadi penisilin da gidan sauro da ma'aikacin da zai riƙa ganinsa kusa da gida, ba sai an biya kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ba.