Filasma: ba wadda ke manne a bangon falo ba

A Kano, duk talabijin ɗin da ba shi da ƙeya sunansa filasma. Je Kasuwar Sabon Gari ka ce a ba ka filasma inci 43, nan take za a sauko maka da LED, kai da mai shago kowa ya gamsu. Alhali Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera talabijin na filasma tun 2014. Wannan bai taɓa damuna ba, sai ranar da na ji mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo yana karanto labarin masana masu matse hasken leza (tsinin haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa) da filasma, ya ƙara da nasa sharhin wai ashe allon talabijin na da wani amfanin. Malam, ba shi ba ne.

Abu yakan kasance daskararre, ko ruwa, ko iska. In aka ci gaba da gasa iskar har ƙwayoyin zarra suka saki ilektoron ɗinsu, wato 'yan ƙwayoyin lantarkin da ke jikinsu, an shiga hali na huɗu, shi ne filasma. Rana filasma ce, walƙiya ma haka. Shuɗin hasken nan da ke tsakanin bakin waya da ƙarfe in mai walda yana aiki a Ƙofar Ruwa, wanda ake hana yara kallo, filasma ce tsantsa. Irving Langmuir, wani masani ɗan Amurka, shi ya raɗa mata sunan a 1928, daga kalmar Girkanci mai nufin abin da aka mulmula. Likitoci sun riga shi amfani da kalmar ga ruwan jini mai fatsi-fatsi, ka ga ruɗani na biyu ke nan. Tsohon talabijin ɗin kuwa ya ci sunan ne don akwai 'yan mitsi-mitsin ɗakunan iska a allonsa da lantarki ke mayarwa filasma.

To ina ruwanta da leza? Bokitin ruwa guda, in ka ɗiɗɗiga shi cikin awa ɗaya ko kaza ba za ta motsa ba, in ka sheƙa shi lokaci guda sai ya ture yaro. Haka hasken leza yake: gwargwadon gajartar lokacin, gwargwadon ƙarfin bugun. Manyan na'urorin yau suna kai petawat, wato megawat biliyan ɗaya, a ƙasa da ƙiftawar ido nesa ba kusa ba. Ka tuna layin wutarmu na ƙasa da kyar yake riƙe megawat dubu biyar.

Dabarar kaiwa ga wannan ƙarfi ta fito ne a 1985 daga Donna Strickland da Gérard Mourou a Jami'ar Rochester, ta kuma ba su kyautar Nobel a 2018: a ja hasken ya yi tsawo, a ƙara masa ƙarfi, sannan a dunƙule shi. Matsalar tana wajen dunƙulewar. Faranten gilashi masu zane-zane da ke wannan aiki ƙonewa suke in ƙarfin ya yi yawa, dole a yi ta faɗaɗa su, kuɗi na ta hawa. Nan ne wayon ya burge ni. Abin da hasken ke yi wa gilashi shi ne ya mayar da shi filasma. To me zai hana a tare shi da filasmar tun farko? Garin da aka riga aka niƙa, me taɓarya za ta ƙara yi masa?

Tun 1999 masana a Jami'ar Princeton ta Amurka suka kawo wata hanya ta yin haka. A 2023 kuma wasu daga Koriya ta Kudu da Jami'ar Strathclyde ta Birtaniya suka fito da tasu: a shirya filasma mai ƙara kauri daga baki zuwa ciki. In aka ja hasken ya yi tsawo, launukansa kan jeru wani gaba wani baya, kowane launi kuma yana da zurfin da zai kai ya dawo, na gaba ya nutsa ciki sosai, na baya ya juyo tun daga kusa, sai su fito a tare, dunƙule guda. A kwamfuta suka nuna wannan, ba a kan na'urar da aka gina ba, abin da mai gabatar da shirin namu ya tsallake gaba ɗaya.