Tambayoyi da amsoshi kan Dakta Jennifer Ashton, likitar mata da ta koma aikin talabijin

Manyan gidajen talabijin na Amurka suna ɗaukar likitoci aiki domin su riƙa yi wa jama'a bayanin labaran lafiya da bakinsu. Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki akwai Dakta Jennifer Ashton, likitar mata da haihuwa wadda ta shafe kusan shekara goma sha takwas tana magana a gaban kyamara.

Wace ce ita, kuma daga wane irin gida ta fito?

An haife ta ranar 23 ga Afrilu, 1969, a wani sansanin sojojin sama da ke jihar Kalifoniya, sunanta na haihuwa kuma Jennifer Garfein. Gidansu gidan ma'aikatan lafiya ne: mahaifinta likitan zuciya ne a birnin New York, mahaifiyarta nas ce, ɗan'uwanta kuma ya zama likitan tiyata. Sai dai ita ba ta bi sawunsu kai tsaye ba, domin digirinta na farko, wanda ta kammala a Jami'ar Columbia a 1991, a fannin tarihin zane-zane ta yi shi.

To yaushe ta zama likita?

A tsarin Amurka ba a shiga makarantar likitanci sai an riga an yi digiri na farko, sannan a yi shekara huɗu ana karatun likitanci, daga nan a ƙara wasu shekaru a asibiti ana koyon ƙwarewa a fannin da mutum ya zaɓa. Ashton ta samu digirin likitanci a Columbia a shekarar 2000, tana da shekara talatin da ɗaya, sannan ta yi horon ƙwarewa a fannin mata da haihuwa a asibitin St. Luke's-Roosevelt da ke New York. Bayan nan ta buɗe wurin duba marasa lafiya nata a garin Englewood da ke jihar New Jersey. Ko bayan da ta yi suna ba ta ajiye littafi ba: a 2016 ta samu digiri na biyu a fannin abinci mai gina jiki, ta kuma samu shaidar ƙwarewa a fannin magance ƙiba.

Ta yaya ta shiga aikin talabijin?

Sannu a hankali, tasha bayan tasha. Ta fara a Fox News a 2006 a matsayin likitar da ake gayyata ta yi sharhi, sai ta koma CBS News daga 2009 zuwa 2011. A Janairun 2010 ta bi wata tawagar likitoci zuwa Haiti bayan girgizar ƙasar da ta ragargaza babban birninta. A 2012 ta shiga ABC, inda shirin farko da ta gabatar tare da wasu, mai suna The Revolution, bai wuce 'yan watanni ba aka soke shi. Wannan bai raba ta da tashar ba. Ta ci gaba da fitowa a shirin safe na Good Morning America, aka naɗa ta babbar wakiliya kan lafiyar mata, sannan a 2017 ta gaji Dakta Richard Besser a kujerar babban wakilin harkokin lafiya na tashar baki ɗaya.

Wannan naɗi na ƙarshe ya cancanci a dakata a kansa. Kafin Besser, Dakta Timothy Johnson ne ya daɗe a kan kujerar. Ɗora likitar mata a kanta yana nufin cewa wadda za ta yi wa ƙasa bayanin annoba, ko sabon maganin sankara, ko rashin lafiyar shugaban ƙasa, mace ce da ta saba tambayar yadda abin zai shafi mai ciki da mai shayarwa da wadda al'adarta ta ɗauke.

Mene ne ainihin aikin likita a gidan talabijin?

Aikin fassara ne, amma daga harshen masu bincike zuwa harshen mai kallo. Manyan mujallun likitanci kan ba 'yan jarida sakamakon bincike kwanaki kaɗan kafin a wallafa shi, bisa sharaɗin ba za su fitar ba sai ranar da aka tsayar. A cikin waɗannan kwanaki likitan tasha zai karanta takardar, ya duba mutum nawa aka yi gwajin a kansu da shekarunsu da wanda ya biya kuɗin binciken, sannan ya dunƙule shafuka masu yawa cikin minti biyu ko uku, mai gabatarwa na yi masa tambaya, mai shirya shiri na ƙirga masa daƙiƙoƙi ta na'urar da ke kunnensa.

Abin da ya faru a 2002 ya nuna irin ɓarnar da gaggawa ke iya yi a wannan aiki. A Yulin shekarar aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken gwamnatin Amurka kan lafiyar mata, wanda ya haɗa mata sama da dubu goma sha shida, saboda an ga cewa haɗin magungunan sinadarin homon da ake ba matan da al'adarsu ta ɗauke yana ƙara haɗarin sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini. Kanun labarai suka ɗauki adadi guda: haɗarin sankarar mama ya ƙaru da kashi 26 cikin ɗari. Adadin gaskiya ne, amma ma'anarsa ita ce ƙarin mata takwas a cikin kowace dubu goma a shekara. Haka kuma matsakaicin shekarun matan da aka yi gwajin a kansu 63 ne, alhali al'adar matan Amurka kan ɗauke ne a wajejen shekara 51. Mata masu yawa suka watsar da maganin, likitoci suka ji tsoron rubuta shi, aka bar mata da yawa suna fama da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya da gumin dare da rashin barci. Sai daga baya, da aka sake bin alƙaluman, ƙungiyoyin ƙwararru suka bayyana cewa ga macen da ba ta kai sittin ba, ko wadda ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, kuma ba ta da wata cutar da ta hana, amfanin maganin galibi ya rinjayi haɗarinsa. Ashton ba ta shiga talabijin ba a lokacin, amma irin wannan giɓi ne aka ɗauke ta ta cike: ta faɗi adadin da ya tayar da hankali, ta kuma faɗi na biyun da ke sa mutum ya fahimce shi.

Me ya sa lafiyar mata ke buƙatar wakili na musamman?

Saboda an daɗe ana gina ilimin likitanci a kan jikin namiji. A 1977 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin magunguna, kuma sai a 1993 majalisar dokoki ta yi dokar da ta wajabta a saka mata a binciken da cibiyoyin lafiya na gwamnati ke ɗaukar nauyi. Illar wannan jinkiri tana nan har yau. Ciwon zuciya shi ne kan gaba wajen kashe matan Amurka, kusan mace ɗaya cikin biyar da ke mutuwa, amma mace na iya zuwa asibiti da ƙarancin numfashi da tashin zuciya da gajiya da ciwon muƙamuƙi ko baya, a sallame ta saboda ba ta riƙe ƙirji ba.

Ga kuma mace-macen masu juna biyu. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna cewa a 2021 mata 1,205 suka rasu a Amurka sanadiyyar ciki ko haihuwa, wato kusan 33 a kowace haihuwa dubu ɗari, kuma a tsakanin baƙaƙen fata adadin ya haura ninki biyu da rabi na fararen fata. Ko ƙa'idar gwajin hoton mama don gano sankara ba ta zauna wuri ɗaya ba: a 2009 kwamitin ƙwararru na ƙasa ya ɗaga shekarun fara gwajin na yau da kullum zuwa hamsin, a 2024 ya mayar da su arba'in. Macen da ta ji labarin farko sannan ta ji na biyu tana da haƙƙin a yi mata bayanin dalili.

Wace rawa ta taka lokacin korona?

A Maris na 2020 tashar ABC ta janye shirinta na nishaɗi na tsakar rana ta maye gurbinsa da shiri kan annobar, wanda daga baya aka sa wa suna GMA3, Ashton kuma tana cikin masu gabatar da shi. Wahalar aikin a lokacin ita ce shawarwarin hukuma suna sauyawa: a farkon Afrilun 2020 ne CDC ta koma cewa kowa ya sa takunkumi, bayan an yi makonni ana cewa ba dole ba ne ga mai lafiya. Kuma tsohuwar matsalar ta sake dawowa, domin gwaje-gwajen farko na allurar rigakafin ba su haɗa da masu ciki ba, har sai a Agustan 2021 hukumar ta fito ta ba su shawara kai tsaye su karɓa.

Me ya sa ake danganta ta da batun lafiyar ƙwaƙwalwa?

A Fabrairun 2017, makonni kaɗan bayan rabuwar aurensu, tsohon mijinta kuma mahaifin 'ya'yanta biyu, wanda likitan tiyata ne, ya kashe kansa. Bayan wani lokaci ta zaɓi ta yi maganar a fili, ta rubuta littafi a 2019 kan halin da iyalai ke shiga bayan irin wannan rashi, musamman zargin kai da jin kunyar da ke hana su neman taimako. Ta sake aure a 2022 da Tom Werner, shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Liverpool.

Za a iya dogara da shawarar likitocin talabijin?

Da sharaɗi. A 2014 mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa binciken wasu masana daga Kanada da suka bi shawarwarin shirye-shirye biyu na Amurka ɗaya bayan ɗaya, suka gano cewa akwai hujjar bincike a bayan kashi 46 cikin ɗari na shawarwarin shirin talabijin na likita Dakta Oz, da kashi 63 na shirin The Doctors, wanda Ashton ma ta yi aiki da shi na wani lokaci. Sashen labarai ya fi irin waɗannan shirye-shirye tsauraran ƙa'idoji, amma ko can likitan ba ya ganin mai kallo, bai san hawan jininta ba, bai san magungunan da take sha ba, bai san ko mahaifiyarta ta yi sankara ba. Amfanin bayaninsa shi ne mace ta shiga ɗakin likitanta da tambayar da ta dace a bakinta.

Ina take yanzu?

Ta bar ABC a watan Yunin 2024 domin ta mayar da hankali kan kamfaninta mai suna Ajenda, wanda ya fara da wasiƙar labarai ta intanet kan ɗaukewar al'ada da sarrafa nauyin jiki. Zaɓin fannonin biyu ya yi daidai da takardun ƙwarewarta, ya kuma zo a lokacin da kasuwarsu ke bunƙasa a Amurka, musamman bayan yaɗuwar alluran rage ƙiba irin su Wegovy da Zepbound. Matsayinta ya sauya ta wata fuska mai muhimmanci: a da akwai editocin tasha da ke tace abin da za ta faɗa, yanzu kuwa ita ce mai kamfanin kuma ita ce mai bayani, don haka masu bin ta na da dalilin duba ko shawarar da ake ba su tana tafe da wani abu da ake sayarwa.