Waiwaye: Allunan ƙarfen da ke riƙe da tarihin 'yancin Filifin

A tsibirin Mactan, daura da birnin Cebu a ƙasar Filifin, akwai alluna biyu na ƙarfe da ke ba da labarin rana guda, 27 ga Afrilu 1521. An kafa na farko a 1941, ƙasar tana ƙarƙashin tutar Amurka. Ya ce a nan Ferdinand Magellan, jagoran ayarin jiragen ruwan Sifaniya, ya mutu bayan raunin da ya samu a karo da mayaƙan sarkin tsibirin, Lapulapu. Daga nan allon ya bi jirgin da ya tsira har ya koma Sifaniya ya kammala zagaye duniya na farko. Na biyu an kafa shi a 1951, shekara biyar da samun mulkin kai, kuma cewa ya yi a nan Lapulapu da jama'arsa suka fatattaki maharan Sifaniya suka kashe jagoransu, Magellan. A allon farko mai gida ya shigo labarin ne kawai don ya yi ajalin baƙo. A na biyu labarin ya dawo hannunsa. Ba a tumɓuke tsohon ba, kuma a ganina daidai aka yi, domin yaron makarantar da ya karanta su biyun zai gane da kansa yadda mulkin mallaka ke rubuta tarihi.

Aikin kafa irin waɗannan alluna ya fara ne a 1933, lokacin da Gwamna Janar Frank Murphy ya naɗa kwamitin binciken tarihi a ƙarƙashin wani ɗan jarida Ba'amurke, Walter Robb. Allunan farko sun fito a 1934, da Turanci, yawancinsu a jikin coci-coci da tsofaffin gine-ginen zamanin Sifaniya a Manila. Kwamitin ya yi ta sauya suna har ya zama Hukumar Tarihi ta Ƙasa a 2010, kuma allunan sun haura 1,500. Ƙarfe ne na zubi, tambarin hukuma a sama, haruffa masu tudu da za ka iya shafawa da yatsa. Na baya-bayan nan galibi da harshen ƙasa ake rubuta su.

Sai dai jama'a ba su jira kwamiti ba. Tun a 1911 suka kafa mutum-mutumin wani talaka riƙe da adda da tuta a Balintawak, kusa da Manila, don tuna ranar da Andres Bonifacio da 'yan ƙungiyar asiri ta Katipunan suka ɗaura yaƙi da Sifaniya a 1896. A tuna fa, a lokacin doka ta 1907 ta haramta ɗaga tutar ƙasar, kuma ba a janye ta ba sai 1919. Rabin ƙarni ana bikin ranar a 26 ga Agusta. Amma tsofaffin mayaƙan da suka halarci taron bakinsu bai zo ɗaya ba, wani ya ce nan ne, wani ya ce can. Masanin tarihi Teodoro Agoncillo ya tsaya kan cewa a Pugad Lawin ne, ranar 23 ga wata, inda mutanen suka yayyaga takardunsu na haraji alamar sun daina biyayya. A 1963 Shugaba Diosdado Macapagal ya amince da hakan, aka sauya rana da wuri. Mutum-mutumin Balintawak kuwa, aikin babbar hanya ya tashe shi, aka kai shi harabar Jami'ar Filifin da ke Diliman a 1968. Har gobe masana ba su daina musu a kai ba.

Macapagal ɗin ne kuma ya mayar da bikin 'yancin kai daga 4 ga Yuli, ranar da Amurka ta miƙa mulki a 1946, zuwa 12 ga Yuni, ranar da Emilio Aguinaldo, jagoran masu yaƙi da Sifaniya, ya shelanta 'yanci daga gidansa da ke Kawit a 1898. Ma'anar a bayyane take: 'yancin ba kyautar kowa ba ne.

Wannan 'yanci na 1898 bai daɗe ba. A watan Disamba na shekarar Sifaniya ta miƙa tsibiran ga Amurka a kan dala miliyan 20, ba tare da an tambayi masu ƙasa ba. Daren 4 ga Fabrairu 1899 wani kurtun Amurka, William Grayson, ya buɗe wuta kan sojojin Filifin, kuma kwana biyu bayan haka majalisar dattawan Amurka ta amince da cinikin. Yaƙin da ya biyo baya ya ci farar hula kimanin 200,000, da harsashi da yunwa da annoba. Shekara da shekaru allon wannan harbi na farko yana manne a gadar San Juan, littattafan makaranta ma haka suka koyar. Binciken masanin tarihi Benito Legarda ya nuna ba a kan gadar aka yi harbin ba, sai hukumar ta cire allonta a 2003 ta mayar da shi mahaɗar titin Sociego da Silencio a unguwar Santa Mesa. Hukumar da za ta fito ta ce ta yi kuskure, ta kwance kusoshin da ta ɗaura da hannunta, ta cancanci yabo.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Macario Sakay, mai aski kuma tela ɗan Katipunan. Bayan Amurka ta shelanta cewa yaƙi ya ƙare a 1902, ta kafa dokar da ta mai da duk wanda ya ci gaba da riƙe makami ɗan fashi. Sakay ya ƙi ajiye nasa, ya shige duwatsu da mutanensa, suka bar gashinsu ya yi tsawo. A 1906 aka yaudare shi da alkawarin afuwa, ya sauko, aka kama shi. An rataye shi ranar 13 ga Satumba 1907. Sunan ɗan fashi ya bi shi kabari, ya daɗe a bakin mutanen da ya yi yaƙi dominsu. Sai a 2008, shekara 101 da rataye shi, aka kafa mutum-mutuminsa a Tondo, unguwar talakawan Manila inda aka haife shi.